"Brood over": ina ake sa ta, ina ba a sa ta?

Tambaya: Malam, a wani insha'i na rubuta "I brooded over my wedding plans", sai malaminmu ya ja layi a ƙarƙashi. Ni nufina na yi ta tunanin shirye-shiryen bikina. Ina kuskuren yake?

Amsa: 'Yar'uwa, nahawunki lafiya lau yake, ma'anar ce ta kauce. Bature in ya karanta jimlar nan zai ɗauka auren dole za a yi miki.

Asalin "brood" kwancin kaza ne a kan ƙwai, wanda takan yi kwana 21 tana yi kafin ƙyanƙyasa. Tun ƙarni na 16 Turawan Ingila suka ari kalmar suka ɗora wa mutumin da ya kwanta a kan damuwarsa, yana juya ta a zuci, ya ƙi tashi. Saboda haka ba kowane tunani ake nufi ba. Saƙe-saƙe ne na ƙunci, irin na wanda ya yi tagumi ya yi shiru, kuma mai faɗin kalmar yana ganin abin ya yi yawa. Ana yin sa a kan faɗuwa jarrabawa, asarar jari, ko baƙar maganar da aka ƙullata. Misali: "He brooded over the insult for weeks", wato ya yi makonni zagin na cin sa a rai.

A wannan ma'anar, in za ki ambaci abin da ya dami mutum, akan haɗa ta da "over", "on" ko "about". In kika ce "he brooded his failure" kin mayar da shi kaza. Masu kiwon kajin gidan gona kuma suna da tasu "brooding", ɗumama 'yan tsaki, wannan daban.

"Brood over" tana da maƙwabta da ake rikitawa. "Dwell on" ta fi ta sauƙi, kuma tana shiga magana, kamar mai wa'azin da ya daɗe a kan batu guda. "Mope" a jiki ake ganinta, mutum na jan ƙafa cikin gida ba walwala. "Sulk" kuwa zumɓura baki ne don a lallashe ka.

A taki jimlar, in kina auna zaɓi ne, sa "I mulled over my wedding plans". In tunani ne kawai, "I thought about" ta wadatar, kuma ni ita zan fi so ki sa a jarrabawa.