Hukuncin Riƙe Gurbi Fiye da Ɗaya a Makarantun Likitanci da Yadda Ake Janyewa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Amurka, na nemi shiga makarantun koyon aikin likita, Allah Ya sa uku suka ba ni gurbi, ta huɗu kuma ta sa ni a jerin masu jira. Na amsa wa ukun duka, har na biya kuɗin kama gurbi. Shin amsawar nan alƙawari ce da zan yi zunubi idan na saɓa? Wacce ya kamata in zaɓa, alhali ɗaya ta fi suna amma sai na ci bashi mai ruwa, ɗaya kuma ta yafe mini mafi yawan kuɗin makaranta? Kuma yaya zan janye daga sauran ba tare da na ci amana ba?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Dukkan godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Allah Ya sanya albarka a abin da Ya buɗe maka, ɗan'uwa. Ilimin likitanci farilla ce ta kifaya kamar yadda malamai suka tabbatar, cikinsu har da Imam Gazali.

Amsawar da ka yi wa makarantu uku ba laifi ba ce, kuma janyewa daga biyu ba saɓa alƙawari ba ne, matuƙar ka yi shi cikin wa'adin da aka gindaya. Allah Ya ce a farkon Suratul Ma'ida a cika ƙulle-ƙullen yarjejeniya, Annabi (SAW) kuma ya ce Musulmi suna kan sharuɗɗansu, kamar yadda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito. To amma abin da ake bin mutum da shi shi ne abin da aka ƙulla a kai, ba abin da waswasi ya ƙara masa ba. Malaman fiƙihu suna da ƙa'idar cewa abin da aka sani a al'ada daidai yake da abin da aka faɗa a sharaɗi. Makarantun nan sun ba ka gurbi suna sane cewa mai nema yana iya riƙe gurbi a wurare da yawa zuwa wani lokaci, domin su da kansu suka tsara hakan. Amsawarka ta farko ta yi kama da cinikin da aka yi bisa sharaɗin zaɓi zuwa wani wa'adi: kafin wa'adin ya cika kana da damar fasawa.

Wa'adin kuwa sananne ne. A ƙa'idojin ƙungiyar makarantun likitanci ta Amurka, AAMC, ana son zuwa 15 ga Afrilu mai nema ya rage gurabensa kada su wuce uku, zuwa 30 ga Afrilu kuma ya tsaya a kan guda ɗaya, ya sanar da sauran ya janye. Zama a jerin masu jira ba ya cikin wannan lissafi, don haka makaranta ta huɗu tana nan a hannunka har bayan ranar. Sai dai kowace makaranta tana da ikon kafa nata ranakun, kuma abin da ke cikin takardar da ta aiko maka shi ne sharaɗin da ke kanka a shari'a. Ka koma ka karanta takardun uku da kyau. Makaranta tana iya janye gurbinta daga wanda ya ƙetare wa'adi yana riƙe da gurbi biyu, ka ga an yi biyu babu.

Inda nake so ka tsaya ka lura shi ne nan. Halaccin riƙewa yana rataye ne da kasancewar kana cikin shawara da gaske. Ranar da zuciyarka ta yanke cewa makaranta kaza ba za ka je ta ba, ko a watan Janairu ne, hujjar riƙe gurbinta ta faɗi. Akwai wani bawan Allah a jerin masu jira da ba za a kira shi ba sai ka saki, kuma kowane mako na jinkiri yana rage masa lokacin neman masauki da tallafin karatu da ɗauke iyalinsa, wani ma sai ya fid da rai ya fara kashe kuɗin sake nema a shekara mai zuwa. Annabi (SAW) ya ce babu cuta babu cutarwa, Malik ya kawo shi a Muwaɗɗa. Wanda ya riƙe gurbin da ba ya so don a riƙa cewa makarantu uku ke nemansa, dokar makarantu ba ta kama shi ba, amma ni ban ga ya kuɓuta daga karhanci mai tsanani ba, kuma idan ya san akwai wanda yake cutuwa ya ci gaba da gangan, ina jin tsoron zunubi a kansa. Jiran takardar tallafin kuɗi kafin a yanke shawara uzuri ne karɓaɓɓe, domin sau da yawa ba ta fitowa sai cikin Maris ko Afrilu.

A shafin AMCAS, wato tsarin AAMC da ake neman shiga makarantun ta cikinsa, akwai zaɓi biyu da hukuncinsu ya bambanta. Na farko, wanda suka sa wa suna Plan to Enroll, sanar da niyya ne kawai: kana iya canza shi, kana iya zama a jerin masu jira. Na biyu, Commit to Enroll, wanda ake buɗewa daga 30 ga Afrilu, shaida ce daga gare ka cewa ka gama zaɓi kuma ka janye daga ko'ina, har da jerin masu jira. Wannan alƙawari ne mai lazimtarwa. Mashahurin zance a mazhabar Malikiyya shi ne alƙawari yana zama dole idan wanda aka yi wa ya shiga wani al'amari saboda shi, kuma makarantar ta rufe ƙofa ga wani ne saboda maganarka. Kada ka danna shi kana ɓoye sunanka a wani jeri. Kuma danna shi ba ya janye ka daga sauran makarantu da kansa, sai ka sanar da kowace ɗaya da hannunka. Nan ne mutane da yawa suke kuskure.

Haka wasiƙar da ake rubuta wa makarantar da ta sa mutum a jira, a ce mata idan kun ɗauke ni zan zo. Makaranta ɗaya ake rubuta wa ita. Aika irinta wuri biyu ƙarya ce, kuma saɓa alƙawari yana cikin alamomin munafuki uku a hadisin Bukhari da Muslim. Amma nuna wa wata makaranta tallafin da wata ta ba ka don ta ƙara maka, wannan ya halatta idan adadin da ka faɗa gaskiya ne.

Batun zaɓi, abin da nake gani shi ne ka ɗauki wadda ta nisanta ka daga bashi mai ruwa. Riba, wato kuɗin ruwa, haramun ce ga mai ci da mai bayarwa. Malaman da suka yi sassauci a bashin karatu sun gina shi ne a kan lalura ko buƙata mai tsanani, lalura kuwa ana auna ta gwargwadonta, kuma sunan makaranta ba lalura ba ne. Duk makarantar da LCME, hukumar tantance makarantun likitanci, ta amince da ita digirinta na likita, wato MD, ɗaya ne a wajen hukumomin ba da lasisi, jarrabawar neman lasisi ɗaya, wato USMLE, kowa yake rubutawa. Ka lissafa kuɗin shekara 4 gaba ɗaya, da haya da abinci da inshorar lafiya, ba kuɗin makaranta kaɗai ba, domin makarantar da ta yafe kuɗi a birni mai tsada tana iya cin fiye da wadda ba ta yafe ba. Ka tambaya ko tallafin na shekara 4 ne ko ana sabunta shi bisa sharaɗi. Ka duba asibitocin da ɗalibansu suke samun horon ƙwarewa bayan kammalawa, musamman a fannin da kake so. Ka tambayi ɗaliban Musulmi da ke can ko ana barin su zuwa Juma'a a shekarun zagayen asibiti, da ko akwai wurin salla kusa. Ka shawarci iyayenka, ra'ayinsu yana da nauyi, ko da yake ba a yi musu biyayya wajen cin bashin riba alhali akwai mafita. Sannan ka yi istihara, raka'a biyu da addu'ar da ke cikin hadisin Jabir, ka ci gaba da abin da ya sauwaƙa. Ba a jiran mafarki.

Janyewar kanta ba ta da wuya. Ka bi hanyar da makarantar ta faɗa, ko ta shafinta na masu nema ko ta imel zuwa ofishin ɗaukar ɗalibai, idan ka yi duka biyun ya fi. Layi huɗu ko biyar sun isa: cikakken sunanka da lambarka ta AAMC, magana a fili cewa ka janye daga gurbin da aka ba ka na wannan shekara, godiya ga kwamitin da waɗanda suka yi maka ganawa, sai buƙatar su tabbatar sun samu. Wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba, haka ya zo a hadisi. Ba dole ka faɗi dalili ko inda za ka ba, kuma shiru ya fi ƙirƙiro uzurin ƙarya. Kada ka kushe makarantar, domin wataƙila a asibitinta za ka nemi horon ƙwarewa bayan shekara 4. Kada kuma ka saki ko ɗaya kafin ka tabbatar gurbin da ka zaɓa yana hannunka a rubuce kuma ka cika sharuɗɗansa. Ka adana amsarsu.

Kuɗin kama gurbi, AAMC ta shawarci makarantunta kada ya wuce dala 100 kuma a mayar wa wanda ya janye zuwa 30 ga Afrilu. Haƙƙinka ne, nemansa ba rashin kunya ba ne. Idan kuwa ka yarda tun farko cewa ba a mayarwa, kamar yadda aka saba a makarantun da ke ba da DO, ɗaya nau'in digirin likita a Amurka, inda kuɗin ya fi yawa, to ya shiga babin arabun, wato kafin alƙalamin da ba a mayarwa idan an fasa, wanda jumhurin malamai suka hana, Imam Ahmad ya halatta, Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi kuma ta bi halaccin a 1993 idan an ƙayyade lokacin jira. Babu laifi a kanka da ka biya, kuma ba ka da ikon neman a mayar.

Idan makaranta ta huɗu ta kira ka bayan 30 ga Afrilu alhali niyya kawai ka sanar, ya halatta ka koma can, da sharaɗin ka saki ta farko a ranar da ka amsa wa sabuwar. Idan ka riga ka tabbatar da shiga, ko an fara makon gabatar da sababbin ɗalibai, sai ka ba ta huɗun haƙuri.

Wallahu a'alam.