Ausbildung a Jamus: kamfani za ka nema, ba makaranta ba

Ƙanena, ka ce kana da WAEC da difloma a fannin lantarki, kana tambayar makarantar da za ka tura wa takardunka don samun Ausbildung, wato koyon sana'a a Jamus. Ba ta makaranta ake shiga ba. Kamfani ne zai ɗauke ka ɗan koyo, ku sa hannu a kwantiragi, shi kuma ya yi maka rajista a makarantar sana'a ta yankinsa, wato Berufsschule. Ta gwamnati ce, ba a biyan ko sisi.

A mako kwana 3 ko 4 kana wurin aiki, 1 ko 2 kana aji. Wasu sana'o'in sukan haɗe karatun ya zama makonni a jere. Koyon yakan ɗauki shekara 2 zuwa 3 da rabi, kuma lantarki na cikin masu 3 da rabi. Jarrabawar ƙarshe ba kamfani ke shirya ta ba, ba makaranta ba. Majalisar 'yan kasuwa da masana'antu, IHK, ko ta masu sana'ar hannu, HWK, ita ke riƙe da kwantiraginka, ita ke jarraba ka. Shi ya sa takardar ke da daraja a duk faɗin ƙasar.

Ana fara koyo 1 ga Agusta ko 1 ga Satumba, amma manyan kamfanoni kusan shekara guda kafin nan suke karɓar takardu. Duba guraben a shafin hukumar ƙwadago, Bundesagentur für Arbeit, da shafin gwamnatin Jamus na Make it in Germany. Shawarata ka fi mai da hankali kan ƙananan kamfanoni na ƙananan garuruwa, su ne ke rasa 'yan koyo, haya ma ta fi sauƙi a can. Doka ta hana kamfani karɓar kuɗin koyarwa daga ɗan koyo, har kayan aiki shi zai ba ka. Duk dillalin da ya ce ka sayi kwantiragi, ka kama kanka.

Maganar kuɗi kuwa, mafi ƙarancin albashin shekarar farko ga wanda ya fara a 2025 yuro 682 ne a wata, yana ƙaruwa kowace shekara. Masu koyon jinya sukan haura 1,200. Wajen kashi 20 cikin 100 na tafiya inshorar lafiya da fansho da sauransu. Idan albashin bai kai abin da ofishin jakadanci ya ƙayyade ba, sai ka cike giɓin da asusun da ake kullewa, Sperrkonto, ko wani mazaunin Jamus ya tsaya maka a rubuce. Tun Maris 2024 an yarda ka yi wani aikin na awa 20 a mako, amma kar ka gina lissafinka a kai. Wanda ya wuni yana jan waya a gini ba kullum yake da sauran ƙarfi ba.

Inda aka fi faɗuwa shi ne harshe. Biza tana neman Jamusancinka ya kai matakin B1, cibiyar Goethe a Legas tana yin jarrabawar. B1 zai kai ka Jamus, amma a aji malami da Jamusawa 'yan shekara 16 yake magana, ba zai rage gudu dominka ba. Ga lissafin sana'a, ga darasin tattalin arziki da dokar ƙwadago, duk a rubuce, duk da Jamusanci. Sau da yawa yaro hannunsa ya iya aiki, maigidansa na yabo, takarda ce ke kayar da shi. Ka kai B2, matakin da ke gaba da B1, kafin ka taso. Idan ka faɗi jarrabawar ƙarshe, sau 2 kawai ake maimaitawa.

Akwai kuma littafin rahoto, Berichtsheft, inda kake rubuta abin da ka koya mai horar da kai ya sa hannu. In bai cika ba, ana iya hana ka zama jarrabawa, don haka cika shi duk mako.

Watannin farko, 1 zuwa 4, na gwaji ne, ana iya sallamarka ba tare da dalili ba, kuma latti na cikin abin da ya fi jawo haka. Izinin zamanka a kan koyon yake rataye, saboda haka in ta faru ka sanar da ofishin baƙi nan take. In sallamar ba laifinka ba ce, akan ba da har wata 6 ka nemi wani kamfanin, IHK da HWK kuma suna da masu ba da shawara kyauta da za su taya ka nema.