Filina Ne, To Tsamiyar Fa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na sayi fili a bayan garin Marwa, ta hanyar Meskine, ina so in fara gini bayan damina. A ciki akwai tsohuwar tsamiya, da gawo biyu, da dalbejiya guda da mai filin na da ya dasa. Magini ya ce a sare su duka a huta. Maƙwabcina kuma ya ce idan na taɓa su ma'aikatan gandun daji za su ci ni tara. Ba da kuɗina na sayi wurin ba? Daga wani ɗan kasuwa, Marwa.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa albarka a filin. Maƙwabcinka ya fi magininka kusa da gaskiya.

Ƙasa ka saya, ba duk abin da ya tsiro a kanta ba. Dokar gandun daji ta Kamaru ta 20 ga Janairun 1994 ta bambanta itacen da mutum ya dasa a filinsa da wanda ya fito da kansa: na farko na mai fili ne, na biyu kuwa hukuma na da hannu a kansa. Kenan dalbejiyarka maganarta da sauƙi, tsamiya da gawo su ne abin tambaya. A Yulin 2024 an yi sabuwar doka da ta maye gurbin waccan, don haka kada ka yi aiki da abin da wani ya ce ya yi shekara goma baya. Ɗauki takardun filin ka je ofishin ma'aikatar gandun daji mafi kusa da kai, ka nemi a zo a duba. In an ba ka izini, a ba ka a rubuce da hatimi. In an sa maka sharaɗin dasa wasu a madadinsu, a rubuta guda nawa, kuma a ina. Duk kuɗin da ka biya ka karɓi rasit. Izinin baki ba ya fid da kai ranar da wani jami'in daban ya tarar da kututture a ƙofarka. Takardar izinin gini kuma daga ofishin magajin gari take, ita daban ce, ɗaya ba ta tsaya wa ɗaya.

To amma ni ba tarar ce ta fi damuna ba. Kai ɗan Marwa ne, ka san yadda watan Afrilu yake, zafi ya haura digiri 40. Inuwar dalbejiyar da ta rufe titunan garinmu ba daga sama ta faɗo ba, mutane ne suka dasa suka yi ta ban ruwa. Saboda farin shekarun 1970 gwamnati ta fito da shirin dashen itatuwa na Sahel Vert, aka sake tayar da shi a 2008. Dokar 1994 ma ta wajabta wa birane su tanadi aƙalla murabba'in mita 800 na itatuwa ga kowane mutum 1,000. Je ka sababbin unguwanni ka ƙirga da idonka: bulo, kwano, rana.

Tsamiya ba ta sauri. Wadda ka dasa bana, jikokinka ne za su shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta. Shi ya sa ko an ce ka dasa goma a madadinta, ban ga ka mayar da abin da ka sare ba. Sau da yawa ma dashen a hoto yake ƙarewa, kafin sanyi ya shigo awaki sun gama da shi. Idan magini ya kawo maka zancen iskoki a tsamiya, tambaye shi ina zai kai icen.

Shawarata, kafin a ja igiyar harsashi ka zauna da mai zana gidan, a juya fasalin yadda tsamiyar za ta faɗo a tsakar gida ko a ƙofar zaure. Kada a haƙa kusa da gindinta, domin saiwoyinta sun kai inda inuwarta ta kai, har sun wuce. Kada a kwaɓa siminti ko a zubar da ruwansa a wurin, kada a jibge yashi ya binne gindin, kada kuma a shafe ƙasan da daɓe har ruwa ya rasa hanyar shiga. Da yawa ba gatari ke kashe su ba, wannan ne, sai bayan shekara biyu a ga ta bushe daga sama.

In gawo guda ya tsaya maka a inda ɗaki zai zauna, nemi izini ka cire, ka bar ɗayan. Da rani yake ganye, lokacin da ake neman inuwa. Dalbejiyar ce ma zan ce ka lura da ita, saiwarta na bin danshi, tana fasa katanga da ramin bayan gida, musamman a ƙasar laka mai tsagewa irin ta wajenmu.

Wanda za ka dasa kuwa, ka jira ruwa ya zauna a watan Yuli, ka nisanta shi da bango, ka kewaye shi da ƙaya ko waya, ka kuma ɗora wa mutum ɗaya a gidan alhakin ba shi ruwa har rani biyu.