Wa zai juya Gwaggo da tsakar dare? Amsa daga Yamai

Ƙanwata, assalamu alaikum. Ya jikin Gwaggo? Allah ya sa kaffara ne, ya tashi kafaɗarta. Na saurari saƙonki sau uku kafin in zauna rubutu, saboda na ji damuwa a muryarki. Kin ce su Yaya suna so a ɗauko mai jinya daga wani kamfani a nan Kano, ke kuma kina ganin abin kunya ne bare ta wanke uwa alhali 'ya'yanta na raye. Kika ce in faɗa miki yadda mu Hausawan Yamai muke yi.

Ni ma haka na ce lokacin da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Hajiya, mahaifiyar maigidana. Aka sallame mu daga babban asibitin ƙasa, wanda a nan kowa ke ce wa likita, muka dawo gida Bukoki. Na ce ni zan yi komai. Sai dai kin san surukuta. Hajiya ba ta yarda in ga jikinta ba, in na ɗaga zane sai ta riƙe da hannun da ke aiki. Na riƙa goge inda ta bari, dare ya yi kowa ya kwanta, ita kuma ta kwana a gefe ɗaya har asuba. A mako na uku wani wari ya fara tashi a ɗakin. Da 'yarta ta zo daga Maraɗi muka juya ta, sai ga gyambo a ƙasan bayanta, faɗinsa kamar kwabon dala ashirin, wato sefa ɗari, bakinsa ya yi baƙi. Wata huɗu ana wanke shi kafin ya rufe. Har yau in na tuna yadda take cije leɓe lokacin wankin, zuciyata sosuwa take. Kunyata da tata suka jawo mata wannan, shi ya sa ban ƙara kallon mai jinya a matsayin abin kunya ba.

A nan aikin kashi biyu ne, kuma ba ma haɗa su. Akwai mai jinya, akwai majo. Mai jinya ita ce ta wanka, abinci, juyi da tsarki. Ba ta taɓa allura, ko da ta ce ta iya. Majo shi ne ma'aikacin lafiya, shi ke allura da wankin ciwo da canza robar fitsari. Kafin ya shigo ɗakin sai mun ga takardarsa ta difloma, irin ta makarantar lafiya ta ƙasa, ENSP, wadda ke nan Yamai da Damagaram, ko wata makarantar da gwamnati ta amince da ita. Sannan mu san a wane asibiti ko wace CSI yake aiki, wato ƙaramin asibitin unguwa, wani namu ya taka ya gan shi a can da idonsa. Farar riga da jaka a bayan babur ba shaida ba ce. Wani irin wannan ya taɓa ɗaura wa maƙwabcinmu ruwa leda biyu wai don ya ji ƙarfi, alhali dattijon yana da ciwon zuciya, kafin magariba numfashi ya gagara, da ƙyar aka kai shi likita. Tun daga nan a layinmu ba a ƙarin ruwa a gida sai da rubutun likita. Sirinji kuwa a gabanmu ake yage ledarsa, in an gama a jefa allurar cikin gora mai murfi, majo ya tafi da ita.

Mai jinya ba a tsintar ta a titi. Kin san mu nan baƙi ne da suka zama 'yan gari, daga Zango zuwa Wadata kowa an san asalinsa, wannan Ba'adare, wancan Bagobiri, waccan Bakatsiniya. Sai wata dattijuwa da aka sani ta tsaya mata, ta ce na san gidansu. Kuma dole ta ji Hausa. Gari ne na Zabarmawa, akwai mata masu tausayi da tsabta da ba sa jin harshenmu sosai, amma mai shanyewar jiki maganarta a laɓe take fita, wadda ba ta ji da kyau ba za ta bambanta “ruwa” da “zafi” ba. Ku a Kano wannan ba zai dame ku ba.

Abin da ya fi riƙe mu shi ne kaye, littafin 'yan makaranta na dala arba'in ko hamsin. Yana rataye a ƙusa kusa da gadon. Duk awa 2 ake juya Hajiya, dama, baya, hagu, a sa matashi tsakanin gwiwoyi, a ɗaga dugadugai kada su taɓa katifa, kuma wanda ya juya ya rubuta lokaci. A ciki ake rubuta tansiyonta, wato awon hawan jini, safe da yamma, abin da ta ci, ko ta yi bayan gida, launin fitsari, da kowane magani. Mai jinyarmu ba ta yi boko ba, da ajami take rubutawa, wani lokaci zane kawai take ja. Ranar komawa likita da kayen muke tafiya tare da katinta na asibiti. Na dare kuma ba a bar wa mace ɗaya: 'ya'yan gidan maza suna karɓar juyin ƙarfe 12 da na 2, tunda dama suna zaune a fada, wato majalisar samari, suna shan shayi har wannan lokacin.

Ki kula da ciyarwa, nan mutane suka fi sakaci. Ba a ba ta komai a kwance. A zaunar da ita sosai, kunu mai kauri cokali-cokali, a jira ta haɗiye. Ruwa tsinkakke ya fi saurin sarƙe su, in ya bi hanyar numfashi sai ciwon huhu. Bayan ta gama ta zauna rabin awa. 'Yan dubiya za su zo da rubutu da jiƙe-jiƙe. Addu'a da tofi muna so, rubutu ana shafa mata, amma duk saiwa ko garin magani sai likita ya ji labarinsa, saboda wasu suna karo da maganin hawan jini ko su taɓa ƙoda. Na sha ɓacin ran dangi a kan wannan, ban fasa ba.

Magani daga farmasi kawai, da takardar likita. In dare ne akwai farmasin da ke gadi, wato masu kwana a buɗe, ana fitar da jerinsu duk mako. Na masu talla a faranti, wanda ya wuni cikin ranar Afrilu da zafi ke kai maki 45, ba ya shiga gidanmu. Zafin nan shi kansa ciwo ne, tsofaffi ba sa jin ƙishi da wuri, sai an bi su da ruwa. Lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta a Agustan 2023, firji ya zama akwati, masu insulin suka koma sa kwalbar cikin leda a tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi, a inuwa.

Sai haƙƙin ita mai jinyar. Tun 2024 mafi ƙarancin albashi a Nijar sefa 42,000 ne, jika arba'in da biyu a lissafinmu, kuma ina ganin zalunci ne a ba mai ɗaukar kashin uwarka ƙasa da haka. A biya ta kan lokaci, ta ci daga tukunyar gida, a saya mata safar hannu da sabulu, ta huta rana ɗaya a mako. Wadda ta kwana uku ba barci hannunta zai yi nauyi ko da mai imani ce. Duk da haka ki riƙa shiga ɗakin ba sanarwa. Ki dubi fuskar Gwaggo lokacin da matar ta shigo: in ta saki jiki, alhamdulillahi, in ta ƙanƙame ko ta kau da kai, ki bincika.

Don haka ban hana ku kamfani ba. Ki tambaye su wa za su turo, ki ga takardarsa da idonki, wa zai maye gurbinsa in bai zo ba, kuma wa za ki kira da dare in abu ya ɓaci. Amma kafin su Yaya su gama shawara, yau da daddare ki rufe ƙofa, ki lulluɓe Gwaggo da zane, ki duba ƙasan bayanta da kwatangwalo da dugadugai. In kin ga jan wuri, ki danna da yatsa. In bai yi fari ba, ciwo ya fara, kada ta ƙara kwanciya a kansa, gobe da safe a kira ma'aikacin lafiya. Ki gaishe min da ita, ki ce mata ina nan tafe bayan Sallah in Allah ya yarda.