Amsa ga mai tambaya kan zama da iyali a Yellow Springs, jihar Ohio ta Amurka

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Ka ce ka samu aikin koyarwa a jami'ar Central State, an ba ka shawarar kama haya a Yellow Springs, amma uwargida ta ji an ce "ƙauye" ne ta ce ita ba za ta bar Kano ta koma ƙauye ba, ga kuma maganar makarantar yara biyu. Na yi shekara huɗu a garin da iyalina, don haka bari in ba ka abin da na gani da idona.

Ka fara kwantar wa Hajiya da hankali. A dokar jihar Ohio, duk garin da ke da hukumarsa amma mutanensa ba su kai 5,000 ba, ƙauye ake kiransa a takarda, wanda ya kai kuma birni ne. Iyakar maganar ke nan. Ƙidayar 2020 ta samu mutum 3,697 a Yellow Springs, ta 2010 kuma 3,487. Wuta, ruwan famfo, intanet, ɗakin karatu, gidan waya, har gidan rediyo mai suna WYSO da jaridar mako-mako, duk akwai. Abin da za ta rasa daban ne, zan zo kansa.

Garin yana gundumar Greene, a kan hanya mai lamba 68 tsakanin Xenia ta kudu da Springfield ta arewa, kowanne tafiyar kwata ɗin awa a mota. Dayton kamar rabin awa ce, Columbus awa guda. Wurin aikinka a Wilberforce kuwa, kafin shayinka ya huce ka isa. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, masara da waken suya ko ta ina, sai ta gabas inda kogin Little Miami ya yanka duwatsu ya yi kwazazzabo. Garin kansa da ƙafa za ka ratsa shi ba ka yi gumi ba, kuma kasuwancin duk yana kan titi biyu, Xenia Avenue da Dayton Street.

Sunan ya samo asali ne daga wata maɓuɓɓuga da ke cikin dajin Glen Helen. Ruwan yana da sinadarin ƙarfe, shi ya rina duwatsun da yake bi suka koma ruwan goro. Ranar da na kai yarana, ƙaramin ya tsoma hannu ya lasa, ya tofar ya ce ɗanɗanon tsohuwar ƙusa. Dajin ya kai eka dubu, wani attajiri Hugh Taylor Birch ne ya ba kwalejin Antioch shi a 1929 don tunawa da 'yarsa Helen. A nan muke yin yawancin Asabar ɗinmu, in mun gaji mu wuce John Bryan State Park ko Clifton Gorge, ko gonar madara ta Young's inda yara ke ba awaki abinci su sha askirim.

Ita kwalejin Antioch ita ta ba garin halinsa. An kafa ta a 1850, shugabanta na farko Horace Mann ne, kuma tun da wuri take karɓar mata da baƙar fata. Coretta Scott, wadda daga baya ta auri Martin Luther King, a nan ta yi karatu. Kuɗi ya ƙare musu aka rufe a 2008, tsofaffin ɗalibai suka yi tsaye aka sake buɗewa a 2011, amma ɗalibai kaɗan ne yanzu. Mutanen garin masu sassaucin ra'ayi ne ƙwarai. Alherin hakan, matata ta yi shekara huɗu da hijabinta babu wanda ya taɓa yi mata kallon banza. Ɗaya ɓangaren kuma, za ka ga tutoci da al'amuran da ba mu saba da su ba, kuma yara za su dawo gida da tambayoyi. Ka shirya amsarka tun yanzu.

Makaranta, wadda na san ita ce ta fi damunka. Lokacin da nake can, ƙanana suna zuwa firamaren Mills Lawn da ke tsakiyar gari, manya kuma ƙaramar sakandaren McKinney da babbar sakandare, waɗanda ke haɗe wuri guda. Kyauta ne, amma sai ka nuna shaidar kana zaune a yankin, wato takardar haya ko ta kuɗin wuta, da katin rigakafin yara. Katin nan kada ku baro shi a Kano, ku sa likita ya buga masa hatimi. Azuzuwan ba cunkoso, malama ta san sunan kowane uba. Da azumi ya zo, malamar 'yata da kanta ta kira ni tana tambaya ko a bar yarinyar a ɗakin karatu lokacin cin abinci. Kuɗin makarantun kuma daga harajin mazauna gari wani kaso mai yawa yake fitowa, ana ma jefa ƙuri'a a kan ƙarinsa, shi ya sa za ka ji tsofaffi na gardamar makaranta kamar 'ya'yansu ne a ciki.

Akwai wani abu da ya burge ni fiye da komai. Wheeling Gaunt bawa ne daga Kentucky da ya fanshi kansa da guminsa, ya zo garin ya yi arziki. Da zai rasu a 1894 ya bar wa garin fili eka tara, da sharaɗin a riƙa saya wa matan da mazansu suka rasu fulawa duk lokacin Kirsimeti. Har gobe ma'aikatan hukumar gari suna bi gida-gida da fulawa, daga baya aka ƙara da sukari. Maƙwabciyarmu tsohuwa ta taɓa yin burodi da nata kason ta aiko mana. Filin yanzu shi ne Gaunt Park, inda yara ke ƙwallo da ninƙaya.

To, abin da Hajiya za ta rasa. Na farko mota: babu a-daidaita, babu ɗan acaɓa, in ba ta tuƙi to zaman gida ya kama ta, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu da ƙanƙara ke rufe ko'ina, a Disamba ma magariba ta yi tun wajen biyar da kwata. Ta fara koyon tuƙi tun kafin ku taso. Kai ma ka kiyayi barewa da dare a hanyoyin gona, ni sai da na rasa fitilar gaba da murfin inji. Na biyu jama'a: ban san masallaci a cikin garin ba, Juma'a sai mu tafi Dayton, naman halal da kayan miya kuma mukan yi lodi daga Columbus, inda 'yan Somaliya suke da yawa, mu cika firji. Hausa kuwa, in ba a waya ba, sai mu yi wata biyu ba mu ji ta a bakin wani ba.

Na uku haya. Gidajen sun yi kaɗan, masu so sun yi yawa, don haka ta fi ta Xenia da Springfield tsada. Mu sai da muka yi wata uku a Fairborn kafin muka samu. Ka tambayi mai gida ko akwai ɗakin ƙarƙashin ƙasa na fakewa, domin yankin na guguwa ne, wadda ta afka wa Xenia a 1974 har yau ana ba da labarinta. Ka kuma tambaye shi wa zai biya kuɗin ɗumama gida, kafin ka sa hannu. Ni ban tambaya ba, takardar Janairun farko ta kusa sa ni hawaye.