Ku Tambaya Mu Amsa: Wa Zai Biya Kuɗin Gyaran Filayen Tsofaffin Masaƙu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Gidanmu na jikin katangar wata tsohuwar masaƙa. Da damina wani baƙin ruwa kan fito daga ciki ya bi ta ƙofar gidajenmu, yara kuma na ƙwallo a filin. An ce gwamnati na da kuɗin gyara irin wannan wuri. Gaskiya ne? Ta ina za mu fara?
Daga wani magidanci, Kakuri

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Akwai kuɗi, amma ba a ajiye suke da sunan wannan aiki ba. Abin da ya fi kusa shi ne Asusun Kula da Muhalli da aka kafa a 1981, wanda ake cira daga asusun tarayya, jihohi da ƙananan hukumomi ma suna samun kasonsu. Sai dai zaizayar ƙasa da ambaliya ne ke cinye mafi yawansa. Amurka ta yi dokar musamman tun 1980 don gurɓatattun filaye. Mu nan sai abu ya yi ƙamari ake buɗe jaka, kamar aikin share gurɓatar man fetur a yankin Ogoni da ya biyo bayan rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011, ko kwashe ƙasa mai gubar dalma a Bagega ta Zamfara a 2013, bayan ɗaruruwan yara sun rasu a jihar.

A ƙa'ida wanda ya ɓata shi ke biya. To masaƙar Kaduna Textiles (KTL) da aka buɗe a 1957 ta rufe tun 2002, wasu da dama a Kakuri da Makera suka bi sahu, har ma'aikata na bin haƙƙinsu. Kamfanin da bai biya ma'aikaci ba, da wuya ya biya kuɗin gyaran ƙasa. Duk da haka ku binciki mai filin a KADGIS, hukumar rajistar filaye ta Jihar Kaduna, domin idan an sayar, sabon mai shi ne za a fara tuntuɓa.

Abin da ke motsa ofis shi ne takardar gwaji. Koke na baki a aljihun tebur yake kwana. Ku rubuta wa KEPA, hukumar kare muhalli ta jiha, ta hannun mai unguwa da kansila, ku ba NESREA, takwararta ta tarayya, kwafi, ku karɓi hatimin shaidar an amsa. Ku nemi a zo a ɗebi samfur.

Nan ne ake yawan yin kuskure, don haka ku tsaya a kai. Kafin a haƙa ko'ina, ku zauna da tsofaffin ma'aikata su nuna inda sashen rini yake, inda tankin baƙin mai yake, inda taransifoma take, da hanyar da ruwan wanki ke bi zuwa Kogin Kaduna. Su ne taswirar da ta fi ta ofis. Guba ba ta bazuwa daidai, tana taruwa ne a irin waɗannan wurare. Wanda ya ɗebi ƙasa a bakin ƙofa kaɗai zai kawo muku sakamako mai kyau na ƙarya. A ɗebi ta sama, kamar santimita 15 na farko, don ita yara ke taɓawa, sannan a nutsa mita ɗaya ko biyu a kusa da tankuna. Kowane samfur da jakarsa da lambarsa, kada a gauraya na wurin rini da na filin ƙwallo. Ruwan rijiya kuma a gwada sau biyu, da rani da kuma tsakiyar damina. A nemi dalma, kuromiyam da wasu rinin ke ɗauke da shi, da ragowar mai. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya a ruwan sha shi ne miligiram 0.01 na dalma a lita guda, kuromiyam kuma 0.05.

Kafin sakamako ya fito, a janye yara daga filin, kada a bari 'yan gwangwan su fasa tsohon rufin asbestos. Ƙurarsa ce ke lalata huhu, ba ruwan da ke zuba daga kansa ba.

Tambaya: Ina noman alayyafo da latas a bakin magudanar da ta fito daga unguwar masana'antu. Idan na tafasa ruwan, ko na wanke ganyen sosai, ya wadatar?
Daga wata uwargida, Nasarawa

Amsa: Hajiya, tafasa na kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya fitar da dalma. Ruwan ne ke ƙonewa, dalmar ta zauna a ciki. Wanki na cire ƙurar da ke kan ganye, ba abin da saiwa ta riga ta zuƙa ba, kuma kayan ganye sun fi tumatir da masara ɗauka. Idan babu wani fili, ki yi shuka a buhu ko ɗagaggen kwami da ƙasar da aka kawo daga nesa, ki canza ruwan ban-ruwa.

Tambaya: In an samu kuɗin, yaya aikin yake? Kada ɗan kwangila ya yi mana rufa-rufa.
Daga wani matashi, Makera

Amsa: Hanya biyu aka fi bi. Ko a kankare gurɓatacciyar ƙasar a kai ramin da aka shimfiɗa wa yumɓu ko leda mai kauri, ko a bar ta a wurin a shimfiɗa alama a kai, a rufe da sabuwar ƙasa kamar rabin mita ko da kankare. Ta biyun ta fi araha, amma sai an rubuta a takardar fili cewa ba a haƙa rijiya ko masai a nan, in ba haka ba mai saye na gaba zai tone abin da aka binne.

Ga abin da za ku sa wa ido. Haƙa da hunturu ba tare da yayyafa ruwa ba yana raba wa unguwa gubar ne gida-gida. Tifa ta fita ba tamfol, haka nan. Mafi muni, direba ya karkata ya sayar da lodin a matsayin ƙasar ciko, ta ƙare a tsakar gidan wani a Kudenda. Ku sa mutum a ƙofa yana rubuta lambar kowace tifa, wani kuma a wurin zubarwa, a gwama lissafi kowace yamma. Ku kuma tambayi ko kuɗin cike ramin na cikin kason farko da aka saki, don ramin da damina ta tarar a buɗe kududdufi ne mai tura guba cikin rijiyoyi. Kada mai unguwa ya sa hannu cewa an gama sai an sake gwada ƙasar, kuma ba ɗakin gwajin da ɗan kwangila ya zaɓa ba.