Mota Ta Ƙi Tashi: Daga Ina Zan Fara?

Ka tambaye ni, in an kira ka ƙauye ba na nan, a-kori-kura ta ƙi tashi, daga ina za ka fara, ko kik, wato abin da ke juya inji in an murɗa makulli, za ka fara kwancewa yadda ka ga wasu na yi. To ɗana, ajiye sifana tukuna. Babu abin da ake yi wa ƙazafi a sana'ar nan kamar kik. A kwance shi, a tura yaro Ƙofar Ruwa neman wani, a ɗaura, mota tana nan jiya-i-yau, mai ita ya yi asarar kuɗi kuma kasuwar Alhamis ta Maigatari ta wuce shi da buhunan riɗinsa a baya.

Direba za ka fara yi wa tambaya. Tana cikin tafiya ta mutu, ko kwana ta yi ta ƙi? A ina ya sha mai? Ta shiga ruwa? Sai ka ce ya murɗa makulli, kai kuma ka kasa kunne, domin ko dai injin ba ya juyawa sam, ko yana juyawa bai kama ba, kuma waɗannan biyun ba hanyarsu ɗaya ba.

In ba ya juyawa, kunna fitilun gaba a sake murɗawa. Ka ga sun dushe, kana jin tak-tak-tak da sauri, wuta ce ba ta isa. Ɗora mitar auna wuta a kan batir: cikakken batir yana ba da volt 12.6, in ka ga 12.0 ya yi ƙasa sosai, in kuma ya faɗi ƙasa da 9.6 lokacin murɗawa, ya gaji. Amma kar ka yi saurin cewa a sayi sabo. Dubi kawunan batir ɗin. Farin garin nan da ke taruwa a kansu yana tare wuta, kuma girgizar hanyar burji tana sassauta su. Taɓa su bayan an murɗa, wanda ka ji ya yi zafi nan matsalar take. Wanke da ruwan ɗumi da 'yar kanwa, kar ya shiga cikin batir, ka kankare ka ɗaure tamau. Sannan ka bi baƙar wayar da ta tashi daga batir ta kama jikin inji da shasi. Yara da yawa ba sa tunawa da ita, alhali in ta yi tsatsa, ko batir sabo fil ka sa ba zai juya inji ba. Sai fitilu sun tsaya da haskensu, ka ji ƙas sau ɗaya kawai, sannan zan yarda ka zargi kik.

Wanda ya ce maka ya tsallaka ruwa da ita a hanyoyin fadama na wajen Haɗeja da damina, kar ka yarda a tura ta. Sa sifana a kan notin fulin gaba, wato faifan da ke jan belit a gaban inji, ka juya injin da hannu. In ya cije, mai yiwuwa ruwa ya shiga silinda, kuma ruwa ba ya matsuwa. Turawa sai ta lanƙwasa ƙarfen fistin. A cire hita, wato ƙarfen da ke ɗumama silindar injin gas, ko fulogi, a fitar da ruwan tukuna.

Yanzu ga wadda take juyawa ba ta kama ba, nan aikin yake. Yawancin Hilux da ke zuwa garejin nan masu gas ne, inji samfurin 3L ko 5L, kuma injin gas ba ya amfani da tartsatsi, zafin matsa iska ne ke kunna man. Shi ya sa da hunturu, da asubar Lahadi ana saurin zuwa kasuwar Gujungu, suke yin taurin kai. Direba ya jira fitilar hita ta mutu kafin ya murɗa. Kai kuma zagaya baya ka dubi salansa. Farin hayaƙi mai warin ɗanyen gas yana nufin mai na isa, zafi ne babu, sai ka gwada hitocin ɗaya bayan ɗaya da fiyus ɗinsu. In babu hayaƙi ko kaɗan, mai ne ba ya isa.

Akwai ɗan famfon hannu a saman filtar gas. Danna shi. In ka ji shi laɓo-laɓo bai yi tauri ba, iska ta shiga layi, ko tanki ya ƙafe ko wani tiyo ya tsage. Kwance ƙasan filtar ka tari abin da zai zubo a gora mai haske. Wanda ya sha man galan a bakin hanya sau da yawa za ka ga ruwa ya kwanta a ƙasa. Akwai kuma 'yar waya guda da ke zuwa kan famfon injekta, ita ke buɗe wa mai hanya. A buɗe makulli ka saurari ɗan ƙas ɗinta. Motar da ke ɗaukar gero da dawa ba ta rabuwa da ɓera, kuma wannan wayar in ya ci ta, ko kwana za a yi ana murɗawa ba za ta tashi ba. In za ka sassauta noti a bakin nozul ka ga ko mai na fitowa, hannunka ya yi nesa, don ƙarfin feshin yana huda fata. Ina roƙonka da wannan.

Wani sauti kuma nake so ka riƙe: injin ya riƙa juyawa da sauri, sakayau, kamar ba kaya a kansa. Dakatar da direba nan take, ka buɗe murfin taimin belit, wato belit ɗin da ke daidaita motsin fistin da bawul, mai yiwuwa ya tsinke. A 3L da 5L ana canza shi duk kilomita 100,000, mutanenmu kuwa sai ya tsinke.

Mai fetur, irin tsohuwar Peugeot 504 ko Hilux 22R, ta fi sauƙi. Zare wayar fulogi ka gwada tartsatsi a jikin inji, sannan ka leƙa kafireto a taka totur ka ga ko mai na fesowa. Wanda ya ɓace a cikin biyun shi za ka bi.

Kar a riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10 a murɗawa ɗaya, a bar kik ya huce. Kuma ko wa ya ba ka shawara, kar ka zuba fetur a bakin iskar injin gas hita na da zafi, wuta na iya dawowa fuskarka.

In Allah ya sa ta tashi, kar ka tattara kaya tukuna. Mayar da mita kan batir inji na aiki, ka nemi 13.8 zuwa 14.4. Ka ga ta tsaya a 12, ba ta caji. Duba belit ɗin altaneta, in lafiyarsa ƙalau to mai yiwuwa altanetar ce, ka gaya wa mai motar tun bai yi lodi ba.